Tsarabar maziyartan Turai ta da: yadda ake gane ta da kula da ita bayan an tono ta

A ranar 29 ga Disamba 1170 wasu barade huɗu na Sarki Henry II suka kashe Thomas Becket, babban limamin Kantabari a Ingila, a cikin majami'arsa. Kafin shekara ta zagayo Kiristoci sun fara tururuwa zuwa kabarinsa, suna komawa gida da 'yan kwalaben ƙarfe rataye a wuya, cike da ruwan da aka ce an ɗiga jininsa a ciki. Duk wanda ya taɓa tarbar alhaji ya san abin da ake nufi da tsaraba. Maziyartan Turai ma haka suke, ba sa dawowa hannu rabbana: sai da bajo a hula, ko 'yar kwalba, ko ɓawon kawar teku, don a san sun je kuma su raba albarka da na gida. Daga ƙarni na 12 zuwa farkon na 16 an zuba irin waɗannan kaya da yawan gaske. A Einsiedeln ta ƙasar Suwizalan kaɗai an sayar da bajo 130,000 cikin mako biyu a 1466.

Yau ana tsintarsu a laka bakin kogin Tems a Landan, a tsoffin magudanan ruwa, a gonaki, da cikin kaburbura. Abin da mai tsinta ya kamata ya riƙe tun farko shi ne, bajon da ya shekara ɗari shida a laka lafiya lau yana iya zama gari cikin 'yan watanni a aljihun tebur. Galibin ɓarnar da ake gani a jikin kayan nan hannun mai tsinta ne ya yi ta.

Da me aka yi su

Mafi yawa gamin kuza da dalma ne. Kuza zalla tana narkewa a digiri 232, dalma a 327, amma in aka haɗa kusan kashi 62 na kuza da 38 na dalma, gamin yana narkewa a digiri 183 kawai, kuma yana gudu kamar ruwa ya shiga kowane siririn zane. Shi ya sa maƙeri da ƙaramar wuta zai iya zuba ɗaruruwa a yini. Zanen a jikin dutse mai laushi ake sassaƙa shi, a haɗa dutse biyu ko uku, a zuba narkakken ƙarfe ta 'yar kafa. An tono irin waɗannan duwatsun zubi a Mont-Saint-Michel ta Faransa, a wurin da maƙeran ke aiki a ƙarni na 14 da 15.

Sanin wannan yana da amfani a aikace. Bajon zubi sirara ne, kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba, sau da yawa kuma a huhhuje yake kamar raga. Ƙarfen mai taushi ne, farce ma yana yi masa tabo. Dalma kuma tana da abokan gaba guda biyu da ke cikin kowane gida: tsami, da tururin da wasu katakai da gam ke fitarwa.

Kafin a taɓa shi

A Ingila ba a tsintar komai a bakin Tems sai da takardar izini daga hukumar tashar ruwan Landan, kuma izini na yau da kullum bai yarda a tona fiye da santimita 7.5 ba. A gona sai da yardar mai gona. In abin ya wuce shekara 300 kuma akwai zinariya ko azurfa da ta kai kashi goma cikin ɗari a jikinsa, dokar 1996 ta wajabta a kai rahoto cikin kwana 14. Fitar da abin da aka tono a ƙasar Birtaniya zuwa waje kuma sai da lasisi, komai ƙanƙantar kuɗinsa. A ƙasashen Turai da dama dokar ta fi haka tsanani, don haka a fara bincika ta wurin da ake.

Da ka hango abin, ka dakata. Ɗauki hotonsa a inda yake kwance, da rula a gefe. Rubuta lambobin wurin daga na'urar GPS, da kwanan wata, da zurfin da yake, da irin ƙasar: baƙar laka ce mai wari, ko yashi, ko ƙasar noma. Duba abin da ke kusa da shi, ko fasassun tukwane ne, ko fatar takalmi, ko katako. Wannan bayani ya fi bajon kansa daraja a wurin masana. Dalilin da ya sa aka san shekarun bajojin Landan shi ne an tono da yawa daga cikin sharar da aka cika bayan katangun katako na bakin kogi, a wurare irin su Trig Lane da Swan Lane da Billingsgate a shekarun 1970 da 1980, an kuma ƙirga zoben shekarun katakon aka san lokacin da aka sare shi. Bajon da ba a san inda ya fito ba ya rasa duk wannan.

In kuwa ƙashin mutum ne a kusa, aiki ya tsaya nan take, a kira 'yan sanda da masu kula da kayan tarihi na yankin.

Ɗagawa

Kada a ja shi ta gefen da ya leƙo. Zura cokalin roba ko faffaɗan katako a ƙarƙashi, ka ɗago shi tare da lakar da ke riƙe da shi. Lakar ita ce ke tallafe siraran sassan, kuma tana iya ɗauke da fil ɗin da ya karye ko guntun gilashi. Sa shi a ƙaramin akwatin roba mai tauri, kowane abu da nasa akwati, a kan soso. Aljihu da jakar da ke cike da ƙusoshi da sulalla su ne ke karya bajo kafin a isa gida. Abin da ya fito a jiƙe a bar shi a jiƙe har a zauna a duba shi da kyau, musamman in akwai alamar fata, zare ko katako a jiki.

Sa safar hannu ta roba. Gumin hannu yana cin ƙarfen, ƙurar dalma kuma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga abin da ta yi a 2010, lokacin da yara sama da ɗari huɗu suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Bajo ɗaya ba zai yi haka ba, amma farin garin da ke jikinsa guba iri ɗaya ce: kada a hura shi da baki, kada a ci abinci a teburin aikin, kada yaro ya yi wasa da shi.

Wanki, in har za a yi

Fara da dubawa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, mai ninka abu sau goma ko ashirin. Abin da ake nema shi ne ragowar fenti, galibi ja, a cikin lungunan zane, da guntun madubi, da ragowar takarda ko ƙyalle da ake sa wa a baya don launi ya leƙo ta hujojin. In ka ga ɗaya daga cikinsu, ka gama naka. Sauran na ƙwararren mai gyaran kayan tarihi ne.

In babu, kuma ƙarfen yana da ƙwari, ga yadda ake yi. Ɗora bajon a kan soso a cikin faranti. Jiƙa buroshin fenti mai laushi da ruwan famfo mai sanyi, ka riƙa ɗiga ruwa kana sassauta lakar kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe. Lakar da ta maƙale a lungu a cire ta da tsinken sakace da aka jiƙa bakinsa ya yi laushi. Allurar ƙarfe ko wuƙa ba su da wuri a nan. Duka aikin ruwan kada ya wuce 'yan mintuna.

Akwai kuskuren da masu son tsafta ke yi: su jiƙa shi kwana da kwanaki a tataccen ruwa, wai ya fi tsarki. Ga dalma akasin haka ne. Ruwan da aka cire wa sinadarai yana narkar da dalma, alhali ruwan famfo mai nauyi, wato mai sinadarin alli, yana taimaka mata ta yi ɓawon da zai kare ta. Ruwan khal, lemun tsami, lemon kwalba, man goge azurfa da buroshin waya duk suna cinye fuskar da zanen ke kanta. Baƙi-baƙin da bajon laka ke fitowa da shi ba datti ba ne. Lakar da iska ba ta shiga tana da sinadarin ƙibiritu, shi ne ya haɗu da ƙarfen ya yi masa siririyar riga, kuma wannan rigar ce ta kare shi. Wanda ya goge ta don ya ga ƙyalli ya goge haruffan tare da ita.

Bayan wanki a tsane shi da takarda mai laushi, a bar shi ya bushe a iska kwana biyu zuwa uku, nesa da rana da wuta. Wasu kan tsoma shi sau ɗaya a cikin asiton, wani sinadari mai saurin bushewa, don ya kori ruwan da ke lungu; wannan ba laifi in babu fenti.

Sai babban jarabi: miƙar da bajon da ya lanƙwashe. Kada a yi. Tsatsa tana bin tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ta ciki, ta bar waje kamar lafiya, sai an taɓa ya karye kamar ƙanzo. Ban da haka, wasu bajoji an naɗe su ne da gangan tun a wancan zamani, kuma naɗin kansa shaida ce ta abin da mai shi ya yi da shi.

Karanta shi: fara da baya

Sabon shiga gaba yake fara kallo, gwani kuwa juya shi yake yi. Bayan bajo na gaske yakan nuna layukan da aka ƙeƙƙeta a dutsen baya don ƙarfe ya gudu iska ta fita, da ɗan tudun inda duwatsun suka haɗu. Yadda ake maƙala shi kuma yana ba da shekaru. Faffaɗan bajo mai kusurwa huɗu da 'yan kunnuwa a gefe, waɗanda ake ɗinkewa a jikin hula ko jaka, salon ƙarni na 12 da 13 ne, ya kuma daɗe a Jamus da Holand bayan haka. Fil da maƙalinsa da aka zuba tare da jikin bajon lokaci ɗaya ya yaɗu a Ingila da Faransa daga ƙarni na 14. Siririn bajon tagulla ko farin ƙarfe da aka buga da hatimi, mai kama da murfin kwalba, na ƙarshen ƙarni na 15 ne zuwa gaba.

Sannan a juyo gaba. Kowane wurin ziyara da tambarinsa, kuma tarihin wurin yana yanke maka iyakar shekaru. Kai da kafaɗun mutum sanye da doguwar hular bishop mai tsini Becket ne, wani lokaci da rubutun CAPUT THOME, wato kan Thomas. Kantabari ta kuma sayar da 'yan ƙararrawa masu rubutun CAMPANA THOME, da bajon takobin da aka kashe shi da shi, da na shi bisa doki. Duk ba za su wuce 1538 ba, shekarar da Henry VIII ya rushe wurin. Sarakuna uku gaban Maryamu da jariri na Kolon ne a Jamus, inda aka kai ƙasusuwan da ake dangantawa da su daga Milan a 1164. Da'ira uku haɗe da juna na Wilsnack ne a Jamus, ziyarar da ta fara a 1383 ta mutu a 1552. Mutum biyu, ɗaya da mabuɗi ɗaya da takobi, Bitrus da Bulus ne na Rum. Fuska zagayayya kamar a kan faranti kan Yahaya mai baftisma ne na Amiens a Faransa, wanda aka kawo can a 1206. Siffar ƙwayar almon mai tsini sama da ƙasa, da Maryamu zaune a tsakiya, ta Rocamadour ce a Faransa. Sarki tsaye da sanda da ƙwallon mulki, da dabba a ƙafarsa, yakan zama Sarki Henry VI na Ingila, wanda aka mayar da gawarsa Windsor a 1484. Limami riƙe da dogon takalmi da shaiɗan na leƙowa daga ciki John Schorne ne, wani limamin Ingila da ake ziyartar kabarinsa.

In ka ga zobe fanko a tsakiyar bajo, da 'yan harsuna a kewaye, kada ka ɗauka wani abu ya lalace a zubi. Madubi ne ya faɗi. A Aachen ta Jamus, inda ake fito da kayan tsarki duk shekara bakwai, cunkoso ya kai mutum ba ya iya matsawa kusa, sai ya ɗaga ɗan madubi don ya kama albarkar daga nesa. Gutenberg kansa, kafin injin ɗab'i, ya shiga cinikin irin waɗannan madubai a Strasbourg a ƙarshen shekarun 1430.

Ba kowane bajo ne na ibada ba. Akwai na nuna biyayya ga wani basarake, kamar gashin jimina, ko farin gursunu na Sarki Richard III, akwai na soyayya, akwai na batsa tsagwaronta. Guntun da ya rage kai kawai ko ƙafar doki sai a gwada shi da waɗanda aka riga aka sani. Rumbun Kunera na Jami'ar Radboud a Nijmegen yana intanet kyauta, haka ma na shirin rajistar kayan tsintuwa na Birtaniya da aka fara a 1997. Wata hanya mai daɗi: maƙeran ƙararrawar coci a arewacin Jamus da Sikandinebiya sukan danna bajo a jikin yumɓun zubi, siffarsa ta fito a tagullar. Ƙararrawa kuwa sau da yawa tana ɗauke da shekararta.

Jabu

Jabun da ya fi shahara na William Smith da Charles Eaton ne, waɗanda ake kira Billy da Charley. Tun 1857 suka fara zuba kaya a Landan suna cewa daga haƙar tashar Shadwell suka fito, suka yaudari masana da dama. Gane nasu ba wuya: manya ne masu nauyi, da zane gaba da baya, da rubutu marar ma'ana domin ba su iya karatu ba, da shekara kamar 1011 ko 1098 da alƙaluman da muke amfani da su yau, waɗanda babu mai rubuta shekara da su a Ingila a lokacin. Yanzu su ma sun zama kayan tarihi, ana ajiye su da sunansu.

Kwaikwayon zamani da ake sayarwa a shagunan gidajen tarihi ya fi kauri, bayansa sumul, fil ɗinsa na baƙin ƙarfe ne da aka liƙa daga baya. In ana shakka, na'urar XRF, mai aiki da hasken X-ray, tana faɗin gamin ƙarfen ba tare da an kankare komai ba. Kuza sama da kashi 90 tare da sinadarin antimoni kuma babu dalma alama ce ta sabon zubi. Kuza mai yawa ita kaɗai ba hujja ba ce, domin kwalaben Kantabari na farko ma kusan kuza zalla ne.

'Yan kwalabe, ɓawon kawa da baƙin dutse

'Yar kwalbar, wadda masana ke kira amfula, iri biyu ce a Ingila. Ta Kantabari ta ƙarni na 12 da 13 sirara ce mai zane da yawa, wasu da zoben rubutun Latin da ke cewa Thomas ne mafificin likitan marasa lafiya na gari. Ta baya, ta ƙarni na 14 da 15, ƙarama ce kamar 'yar jaka, tsawon kusan santimita biyar, dalma ce mai nauyi, da kunne biyu a wuya. Zanenta ɓawon kawa ne, ko fure, ko harafin W mai kambi da ake dangantawa da Walsingham, wani wurin ziyara a Ingila. Wannan a gonaki aka fi samunta, abin da ya sa masana da yawa ke ganin manoma ne ke zuba ruwan a gona don neman albarkar shuka.

Duba bakinta. Da an cika ta ake matse bakin, wani lokaci da haƙori, har tabon ya nuna. In bakin a yage yake ko a yanke, an buɗe ta an yi amfani da ruwan, rubuta hakan. In a rufe take, kada ka buɗe, kada ka zura tsinke, kada ka bar ruwan wanki ya shiga. Abin da ke ciki aikin ɗakin gwaji ne.

Ɓawon kawar teku mai siffar mafici, da huji biyu kusa da gindi, alamar Santiago de Compostela ce a Sifen, kuma an fi samunsa a kabari, a ƙirji ko inda jaka take. An sami ɗaya tare da wani mai kuturta da aka binne a asibitin kutare na St Mary Magdalen a Winchester. Hujin da aka fafe da kayan aiki zagayayye ne mai santsin baki. Na tsutsar teku ko na karaya ba ya zuwa biyu a jere daidai. Ɓawon alli ne, ko ɗigon tsami ɗaya yana cin sa, don haka buroshi busasshe ya isa.

Santiago ta kuma sayar da 'yan gumaka da duwatsun carbi na wani baƙin dutse mai sauƙi da 'yan Sifen ke kira azabache, wanda asalinsa itace ne da ya daɗe a ƙasa. In ya fito daga wuri mai danshi aka bar shi ya bushe da sauri, tsattsagewa yake yi. A rufe shi a leda da ɗan danshinsa, a sa a wuri mai sanyi da duhu, a kai wa ƙwararre.

Ajiya

Nan ne aka fi asara. Katakon itacen ok na Turai, allon garin katako da aka manne da gam, kwali, farin gam na kafinta da sabon fenti duk suna fitar da tururin tsami. A rufaffen aljihun tebur tururin yana taruwa, ya cinye dalma, ya mai da ita farin gari mai kumburi. Kyakkyawan akwatin katako mai shimfiɗar karammiski shi ne mafi muni.

Abin da ake buƙata: akwatin roba na foliyetilin ko folifirofilin mai rufewa gam, irin na ajiye abinci, soson foliyetilin kamar Plastazote, a yanka gurbi daidai siffar bajon, da rami don fil kada ya ɗauki nauyi, da ƙwayoyin silika masu shan danshi a cikin leda mai huji, don danshin cikin akwatin ya tsaya ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Sa katin auna danshi a inda za ka gan shi ba sai ka buɗe ba. Ƙyallen gawayi mai shan tururi yana ƙara kariya. Auduga ba ta dace ba, tana riƙe danshi tana kuma sarƙe siraran sassa. Ɓawon kawa da baƙin dutse kada su shiga akwatin silika, bushewar ta yi musu yawa.

Lambar rajista a rubuta ta a jikin leda da akwati, ba a jikin ƙarfen ba. Game da shafa kakin Renaissance ko gam ɗin Paraloid B-72 da masu gyara kan yi amfani da su, shawara ita ce a bar wa masu gyaran: shafi a kan tsatsar da ke aiki rufe ta kawai yake yi, tana ci gaba a ƙarƙashi.

Kafin a rufe akwati a auna tsawo, faɗi da kauri da milimita, a auna nauyi a sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. A ɗauki hoton gaba da baya da gefe, da rula, a haska fitila daga gefe ƙasa-ƙasa don zanen ya yi inuwa. Haruffan da ido bai gani ba sukan fito a haka. A kai bayanan ga jami'in rajistar kayan tsintuwa na yankin ko gidan tarihi mafi kusa.

Daga nan a riƙa dubawa duk wata uku a shekarar farko, ana gwadawa da hoton farko. Farin ɓawo mai tauri da santsi, irin na amfular gona, ba matsala ba ne. Farin gari da ke zuba a kan soso kuwa tsatsa ce mai aiki: a ware abin daga sauran, a sauya akwati da silika, a nemo abin da ke fitar da tururin a kusa, a kai shi wurin mai gyara, wanda ke da hanyar mayar da garin ƙarfe da wutar lantarki ba tare da zanen ya zube ba.